Idan Ido Ya Yi Rawaya, A Gwada Jini, A Duba Rijiya

Gabatarwa

'Yan'uwa manoma da malaman gona, duk wanda ya daɗe yana noman masara ya san cewa ganye yakan yi rawaya saboda dalilai da dama. Wani lokaci ƙarancin sinadarin naitirojin ne a ƙasa, wani lokaci ruwa ne ya kwanta a gindin shuka har saiwa ta kasa shan iska, wani lokaci wuta-wuta ce take tsotse ta ta ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci kuma cutar zanen ganye ce wadda ƙwari suke yaɗawa. Launin kusan ɗaya ne, amma kowane da maganinsa. Manomin da ya zuba buhun yuriya a gonar da ruwa ya kwanta ya yi asarar kuɗinsa, masara kuma ta ci gaba da lalacewa. Shi ya sa kullum muke jaddada a binciki dalili kafin a kashe kuɗi a kan taki ko maganin feshi.

Wannan darasi da muka yarda da shi a gona shi nake so mu shigar da shi cikin gida. Idan idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, sai mu ce shawara ce ta kama shi, a jiƙa masa saiwar rawaya, a hana shi mai da nama, a zauna jiran sauƙi. Da yawa sukan warke, wannan gaskiya ne. Amma a cikin cututtukan da muke haɗawa a ƙarƙashin sunan shawara akwai wadda take shigowa ta ruwan sha, take kama mutane da yawa a lokaci guda, take kuma kashe mata masu juna biyu fiye da kowa. Sunanta ciwon hanta nau'in E, kuma ido ba ya iya bambance ta da sauran.

Ra'ayina shi ne: duk baligin da idonsa ya yi rawaya, musamman mace mai ciki, a kai shi a gwada jininsa tun a kwanakin farko, a kuma nemi gwajin da ya dace. Sakamakon da za a samu zai amfani majinyaci, zai kuma gaya wa gari duka halin da rijiyarsu take ciki.

Suna ɗaya, cututtuka da yawa

Jinin mutum yana sabuntuwa a kullum. Idan tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini suka mutu, sukan bar wani sinadari mai launin rawaya da ake kira bilirubin. Aikin hanta ne ta tace shi, ta tura shi cikin hanji ya fita tare da bayan gida. Idan hanta ta kumbura, ko hanyar matsarmama ta toshe, ko ƙwayoyin jini suka riƙa fashewa fiye da kima, sai wannan sinadari ya taru a jiki, ya rina ido da fata. Abin da muke kira shawara ke nan. Alama ce da ke nuna akwai matsala, amma ba ta faɗin wace matsala ce.

Ga kaɗan daga cikin abubuwan da suke jawo ta a ƙasarmu:

1. Zazzaɓin cizon sauro idan ya yi tsanani, domin yana fasa ƙwayoyin jini.
2. Zazzaɓin shawara, wanda wani nau'in sauro yake yaɗawa. Ya sake ɓulla a Nijeriya a watan Satumba na 2017 a jihar Kwara, daga nan aka riƙa samunsa a wasu jihohi.
3. Ciwon hanta nau'in B da nau'in C, waɗanda ake ɗauka ta jini da kayan aski ko tsaga marasa tsabta. Nau'in B yana kuma bi ta saduwa, da daga uwa zuwa jariri.
4. Ciwon hanta nau'in A da nau'in E, waɗanda ake ɗauka ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata.
5. Cutar sikila.
6. Cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a cikin ruwan da ya kwanta, wadda masu aikin shinkafa a fadama suke cikin haɗarinta.
7. Gubar da ke cikin hatsin da ya yi fumfuna. A ƙasar Kenya a 2004, masarar da aka adana da danshi ta kwantar da mutum 317, kuma 125 daga cikinsu suka rasu.

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Na farko a wannan jeri yana da magani mai aiki cikin kwana uku. Na biyu yana buƙatar a gaggauta yi wa yankin rigakafi. Na ƙarshe yana buƙatar a buɗe rumbu a duba hatsi. Na huɗu kuwa yana buƙatar a je bakin rijiya. Wanda bai san wanne ne ya shigo gidansa ba, ta ina zai fara?

Cutar da ke zuwa ta ruwa

Ƙwayar cutar hanta nau'in E bairos ce, ƙanƙanuwa ƙwarai. Tana fita a bayan gidan mai ɗauke da ita tun 'yan kwanaki kafin ya fara jin ciwo har zuwa mako uku ko huɗu bayan ya kwanta. Idan wannan bayan gida ya isa rijiya, ko rafi, ko tafki, ko kududdufin da ake ɗiba, duk wanda ya sha yana iya kamuwa. Ruwan yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali ƙwayar tana ciki.

Daga ranar da aka sha ruwan zuwa ranar da ciwo zai bayyana yakan ɗauki mako 2 zuwa 10, galibi mako 5 ko 6. Wannan jinkiri shi ne yake ɓatar da mutane. Ambaliyar da ta cika masai ta kwarara cikin rijiya a watan Agusta, sai a lokacin kaka za a ga ɓarnarta, sa'ad da an manta da ita, hankali ya koma kan girbi. Haka kuma a tsakiyar rani, idan rijiyoyi suka ƙafe mutane suka taru a kan ɗan ruwan da ya rage, ƙazanta kaɗan ta isa ta shafi kowa.

Ciwon yakan fara da ɗan zazzaɓi, da rashin cin abinci, da tashin zuciya da amai, da ciwon ciki ko gaɓoɓi. Bayan 'yan kwanaki ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari. Ya fi bayyana ga matasa da manya masu shekara 15 zuwa 40, wato daidai waɗanda suke riƙe da fartanya. Yawancinsu sukan warke da kansu cikin mako 2 zuwa 6. Amma kowane manomi ya san abin da kwanciyar wata guda take nufi a lokacin noman farko ko yankan shinkafa.

Babban haɗarin yana kan mai juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa matan da suka kamu a watanni ukun ƙarshe na ciki, mace 20 zuwa 25 cikin 100 suna iya rasa ransu, domin hantarsu takan gaza aiki farat ɗaya. Ana kuma samun ɓari, da haihuwar bakwaini, da mutuwar jariri a ciki, da zubar jini mai yawa bayan haihuwa. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2015 cutar ta kashe kimanin mutum 44,000 a duniya.

Shi kuwa nau'in A, ko da yake hanyarsu ɗaya, a wuraren da tsabtar ruwa ta yi ƙaranci yawancin yara sukan kamu da shi kafin su kai shekara 10, sau da yawa ba tare da wata alama ba, kuma daga nan ba ya sake kama su. Saboda haka idan manya da yawa suka kwanta da shawara a unguwa ɗaya cikin 'yan makonni, nau'in E yana cikin abubuwan farko da ya kamata a yi zato.

Abin da jini ya tona a Delhi da Diffa

Tarihin gano wannan cuta kansa hujja ce a kan muhimmancin gwaji. A ƙarshen 1955, kogin Yamuna ya yi ambaliya a birnin Delhi na ƙasar Indiya, ruwan kwata ya shiga inda ake jan ruwan sha, kimanin mutum 29,000 suka kwanta da shawara. Shekaru da dama likitoci suna ɗauka nau'in A ne, domin alamun sun yi daidai. Sai a 1980, da aka samu hanyar gwaji, aka ɗauko jinin majinyatan da aka adana tun wancan lokaci aka auna, sai aka ga ba A ba ne, ba kuma B ba. A 1983 wani masanin Rasha mai suna Mikhail Balayan ya ba da rahoton ganin ƙwayar a madubin bincike, bayan ya sha ta da gangan ya kamu da ciwon. Idan ƙwararrun likitoci sun shafe shekara 25 cikin kuskure don sun dogara da alamu, ina ga mu da muke duban ido a zaure mu yanke hukunci?

Na biyu ya fi kusa da mu. A watan Janairu na 2017, ma'aikatan lafiya a Diffa ta Jamhuriyar Nijar suka lura cewa mata masu ciki suna zuwa da shawara fiye da yadda aka saba. Da farko an yi zaton zazzaɓin shawara ne. Aka ɗebi jini aka aika Cibiyar Pasteur da ke Dakar. A cikin samfur 29 da aka fara aunawa babu ko ɗaya mai zazzaɓin shawara, amma 15 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in E. A watan Afrilu gwamnatin Nijar ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, aiki kuma ya koma kan ruwan sha da bayan gida. Kusan duk waɗanda suka rasu a watannin farko mata ne masu juna biyu.

A watan Mayu na shekarar cutar ta bayyana a Damasak ta jihar Borno, sannan a Ngala da Monguno, inda 'yan gudun hijira suka cunkushe. Kafin nan an yi fama da ita a Am Timan ta ƙasar Chadi tun 2016. Kada mu ce wannan matsalar sansanin gudun hijira ce kawai. Abin da ya jawo ta a can shi ne ruwan sha da bayan gida sun haɗu. Binciken gwamnatin tarayya na 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 48 a Nijeriya suna bahaya a fili, ambaliya kuma tana dawowa kusan kowace damina, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022 da 2024.

Wane gwaji za ka nema?

A nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Idan ka shiga ɗakin gwaje-gwaje ka ce a yi maka gwajin ciwon hanta, galibi abin da za a yi shi ne gwajin nau'in B, wanda ake rubutawa HBsAg, wani lokaci tare da na C. Wannan gwaji yana da amfani sosai, amma bai shafi nau'in E ba ko kaɗan. Idan takarda ta nuna babu B, kada a koma gida a ce hanta lafiya lau. Idan kuma ta nuna akwai B, ba lallai ne shi ya kwantar da mutum a yau ba. Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin mutum 8 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya suna ɗauke da nau'in B, da yawansu ba su ma sani ba. Irin wannan mutum yana iya shan gurɓataccen ruwa ya kamu da E a kan B ɗin da yake da shi, kuma ciwon yakan fi tsanani ga wanda hantarsa ta riga ta raunana.

Ga gwaje-gwajen da ya kamata ka san sunayensu:

(a) Gwajin zazzaɓin cizon sauro. Shi ake fara yi, domin yana da sauƙi kuma yana da magani.

(b) Gwajin aikin hanta. Yana auna bilirubin da wani sinadari mai suna ALT, wanda yake tsiyayowa cikin jini idan hanta ta ji rauni. Yana nuna girman ɓarnar, amma ba ya faɗin mai ɓarnar.

(c) Gwajin IgM na nau'in E. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki takan ƙera mata makamai na musamman. Kashin farko, IgM, yakan bayyana daidai lokacin da ciwo ya fara, ya ɓace bayan 'yan watanni. Samunsa a jini yana nufin kamuwar ta kwanan nan ce. Wannan shi ne gwajin da ake nema ga mai shawara. Akwai irinsa na gaggawa, mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda yake ba da amsa cikin 'yan mintuna. Nau'in A ma yana da nasa gwajin IgM.

(d) Gwajin IgG na nau'in E. Wannan kashi na biyu yakan zauna a jini shekaru. Samunsa shi kaɗai yana nufin mutum ya taɓa kamuwa a baya, bai nuna dalilin ciwon yau ba. Misalinsa kamar kututturen dawa ne a gona: yana shaida an yi shuka bara, bai shaida akwai ta bana ba.

(e) Gwajin PCR. Yana neman ƙwayar cutar kanta a jini ko a bayan gida, kuma sai a manyan ɗakunan bincike ake yinsa. Da shi ake tabbatar da annoba, domin na gaggawa yakan yi kuskure wani lokaci. Ƙwayar ba ta daɗewa a jini, saboda haka jinin da aka ɗiba a makon farko ya fi wanda aka ɗiba bayan wata guda amfani.

Likita ne zai zaɓi abin da ya dace. Naka shi ne ka ba shi cikakken bayani: wane ruwa ake sha, ko an yi ambaliya a watanni biyun da suka wuce, mutum nawa suka kwanta a unguwa, ko majinyaciya tana da ciki, da duk wani magani ko jiƙo da aka sha. Sannan ka tambaya a fili ko an duba nau'in E. Matambayi ba ya ɓata.

Dalilan da ake bayarwa na ƙin gwaji

Na farko, akan ce shawara ba ta son allura, wai duk wanda aka yi wa allura ba ya tashi. Ina ganin asalin wannan magana shi ne, ba a kai mai shawara asibiti sai ya fita hayyacinsa, idan ya rasu kuma sai a ɗora wa allurar ƙarshe laifi, a manta da makonnin da ya yi a gida. Ko ma mene ne asalinta, ɗibar jini ba ta saka komai a jiki. Abin da ake ɗiba bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, a jikin da yake ɗauke da kimanin lita biyar.

Na biyu ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Akan ce tunda likitoci da kansu sun yarda cewa babu takamaiman maganin da ke kashe wannan ƙwaya, mene ne amfanin ɓata kuɗin mota da na gwaji? Haka ne, ga yawancin majinyata abin da ake yi shi ne hutu, da isasshen ruwa mai tsabta, da abinci, har hanta ta farfaɗo. Amma gwaji yana fitar da cututtukan da suke da magani, kamar zazzaɓin cizon sauro da cutar fitsarin ɓera, waɗanda jinkiri yake mayar da su ajali. Yana kuma hana shan magunguna barkatai. Kusan duk abin da mutum ya haɗiya sai ya bi ta hanta, kuma kumburarriyar hanta ba ta jure farasitamol mai yawa, ko giya, ko jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Uwa uba, idan an san mai ciki tana da nau'in E, za a kwantar da ita a inda za a sa mata ido, a tanadi jini saboda haihuwa. Tsakanin wadda aka shirya wa da wadda aka kawo cikin dare tana zubar jini akwai tazara mai yawa.

Na uku, akan ce gwajin ba ya samuwa a ƙaramin asibitin ƙauye. Wannan ma gaskiya ne a wurare da yawa. Sai dai jini yana tafiya ko da majinyaci bai tafi ba. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in sa ido kan cututtuka, kuma zazzaɓi tare da rawayar ido yana cikin abubuwan da ƙa'ida ta ce a kai masa rahoto, a ɗebi jini a aika ɗakunan binciken da ke aiki da hukumar NCDC, saboda tsoron zazzaɓin shawara. Abin da nake roƙon hukumomin lafiya na jihohi shi ne, duk jinin da aka auna aka ga ba zazzaɓin shawara ba ne, kada a rufe takarda a nan, a duba nau'in E kamar yadda aka yi wa na Diffa. A kuma tanadi gwajin gaggawa a asibitocin da ake awon ciki a yankunan da ambaliya ta saba shafa, tun kafin damina ta sauka.

Sakamakon mutum guda, labarin rijiyar gari

Neman wannan ƙwaya a cikin ruwa aiki ne mai wuya da tsada. Nemanta a jinin wanda ya sha ruwan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Don haka idan an tabbatar da nau'in E a jikin mutum ɗaya, a ɗauka cewa bayan gida ya shiga ruwan da yake sha ko abincin da yake ci, kuma akwai wasu da suka sha tare da shi waɗanda ciwonsu yana tafe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da ya kamata a yi ba tare da jira ba:

1. A tafasa ruwan sha har ya yi ɓul-ɓul na tsawon minti ɗaya, ko a sa masa sinadarin kulorin bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikinsa, a bar shi rabin sa'a kafin a sha. Mai ciki ita ce ta farko.
2. A sani cewa alam da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ne, ba su isa su kawar da ƙwayar cuta ba. A kwantar da ruwan tukuna, sannan a tafasa ko a sa kulorin.
3. A rufe randa, a ware moɗa guda mai mariƙi, kada hannu ya taɓa ruwan.
4. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓe da murfi, a rataye guga maimakon ajiye ta a ƙasa. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare.
5. A tafi gona da ruwan sha daga gida. Ruwan ban-ruwa na shuka ne. Wanda ya yi wa leburori kunu ko fura da ruwan rafi ya tuna cewa a saman rafin akwai wasu ƙauyuka.
6. Masu lambun da suke ban-ruwa da ruwan kwatar birni su sani cewa latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye suna iya ɗaukar ƙazanta zuwa kasuwa. A wanke su sosai da ruwa mai tsabta.
7. A wanke hannu da sabulu bayan an zagaya, da kafin taɓa abinci. A yankunan da ake kiwon aladu a dafa nama da hanta sosai, domin akwai irin wannan ƙwaya da ke zama a jikinsu.

Game da rigakafi, ƙasar Sin ta amince da allurar nau'in E a 2011, kuma a 2022 aka fara amfani da ita wajen tare annoba a Bentiu ta Sudan ta Kudu. Amma ba ta cikin jerin alluran da ake yi wa jama'a a Nijeriya. Allurar nau'in B da ta zazzaɓin shawara da ake yi wa yaranmu suna da muhimmanci ƙwarai, sai dai ba sa kare mutum daga E. Garkuwarmu a yanzu ita ce ruwa mai tsabta da masai. Jihar Jigawa, wadda a 2022 aka ayyana ta a matsayin ta farko da ta kawar da bahaya a fili, ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Aikin malamin gona

Ya kai malamin gona, ba a ce ka zama likita ba, kuma kada ka ba kowa magani. Amma kana shiga ƙauyukan da ma'aikacin lafiya ba ya kaiwa sai jefi-jefi, ka san fadama da rijiyoyinta, manoma kuma sun yarda da kai. Yadda kake kai rahoton tsutsar da ke cin masara da zarar ka gan ta a gonaki biyu ko uku, haka ya kamata ka yi idan ka ji mutum biyu ko uku sun kwanta da shawara a wuri ɗaya cikin wata guda.

Ka rubuta a littafinka shekarun kowane majinyaci, da ranar da ciwo ya fara, da inda yake ɗibar ruwa a gida da kuma a gona. Ka tambayi abin da ya faru makonni biyar ko shida kafin nan: ambaliya, ko lalacewar famfo, ko ƙafewar rijiya, ko wani taron biki. Ka miƙa wannan bayani ga shugaban asibiti mafi kusa da jami'in sa ido kan cututtuka, ka kuma sanar da mai unguwa ko dagaci. Ka riƙe sirrin mutane, domin ba a son gidan da ya ba da haɗin kai ya zama abin nuni.

Malamai mata masu aiki da ƙungiyoyin mata suna da dama ta musamman. Su ne za su iya zama da ungozomomi da uwayen gida su gaya musu cewa mai cikin da idonta ya yi rawaya ba ta kwana a gida. Idan kuma aka ga majinyaci ya fara ruɗewa, ko barci ya yi masa yawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jini yana fita ta hanci ko dasashi, to hanta ta fara gazawa, a nufi babban asibiti a wannan sa'a.

Kammalawa

Ɗan'uwa magidanci, a yawancin gidajenmu kai ne mai ba da izini da kuɗin mota. Yadda kake ware kuɗin iri da taki tun kafin ruwa ya sauka, ka ware wani abu saboda irin wannan rana, musamman idan akwai mai juna biyu a gidanka. Idan ido ya yi rawaya, ka kai a gwada jini a makon farko, ka tambayi ko an duba nau'in E, ka karɓi takardar sakamako ka adana. Kafin amsa ta fito, a ɗora tukunyar ruwan sha a wuta, kai kuma ka tara maƙwabta ku je ku duba rijiyar da kuke sha.